Sanyin Gwiwa

A hanyar Shere, bayan madatsar Lamingo,
inda jar ƙasa ke miƙa wuya ga duwatsu,
can ta fara yi mini magana.
Ba ihu ba. Ɗan tsinke ne
ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar hagu,
duk taka feda sai ya ƙara nitsewa.

Na yi kunnen uwar shegu.
Samarin Rayfield na gabana, rigunansu na ƙyalli,
ni da shekara arba'in da bakwai
ina bin sawun tayarsu, sarƙa kan babbar giya,
don kada a ce Baba Sallau ya sauka ya tura.

Ban sauka ba. Ban tura ba.
Amma da asubar Litinin, da na tafi sujada,
gwiwa ta ce: to, ni nan zan sauka.

Sati uku ina salla kan farar kujerar roba
a sahun tsofaffi, masallacinmu na Gangare.
Malam Jatau, mai shekara tamanin, ya matsa mini wuri,
ya ce mota ce ta buge ka?
Na ce keke.
Ya ce na wa?
Na ce nawa.
Ya daɗe yana duban carbinsa.

Mai ɗakina ta kawo man zafi da tsumma,
maƙwabci ya ce a kira mai ɗori,
wani ya rantse sanyin Jos ne ya shige ta,
a dafa mini ƙafar sa.
Kowa likita ne in ciwon ba a jikinsa yake ba.

Kaneng ce, a ɗakin gashin ƙashi,
ta lanƙwasa, ta miƙar, ta danna da babban yatsa
har na kira sunan kakata.
Ta ce ba abin da ya karye, ba abin da ya tsinke.
Cinyarka ce ta yi lalaci, ƙugu ya ƙi aiki,
suka bar wa gwiwa dakon kowa.
Ƙanƙara a tsumma, minti goma sha biyar.
Na ce a garin da ruwan randa ke cizon haƙori?
Mu fa in gwiwa ta yi sanyi, an karaya ke nan.
Ta ce to karaya kaɗan, ka warke.

Yanzu kullum kafin shayi
ina jingine da bango, zaune kan kujerar da babu,
cinya na rawa kamar mazari.
In hau dakalin ƙofa, in sauko, ƙafa ɗaya,
autata Ummita na ƙirga mini,
tana tsallake bakwai da takwas in tausayi ya kama ta.

Dalyop mai gyaran keke a Dilimi
ya dube ni, ya dubi sirdi, ya ja tsaki.
Wa ya sauke wannan?
Sai na tuna ɗana ya ara da hutun salla,
ya sauke daidai tsawonsa, bai mayar ba.
Wata biyu ashe ina tuƙi a tsugune.
Yatsa uku kacal. Sifana, juyi biyu.
Ya ƙi karɓar ko sisi,
ya ce ladansa in daina jin kunyar ƙaramar giya.

Asabar ɗin nan na koma.
Ba Shere ba tukuna, gefen tsohon ramin kuza,
inda hanya ke kwance tsakanin gonakin kabeji
kyarana ta yi musu shinge.
Ƙafa na juyawa da sauri, ba nauyi,
kamar mai burga miyar kuka.
A tudun farko tsinken ya yi gyaran murya.
Na sauka.
Na tura.
Wata tsohuwa da damin itace ta wuce ni,
ta ce sannu da aiki.
Na amsa mata da baki ɗaya.

Da magariba na kai goshi ƙasa,
tafin hannu ya riga, gwiwa ta biyo a hankali
kamar baƙuwar da aka ɓata wa rai aka ba haƙuri.
Malam Jatau bai bari an ɗauke kujerar ba.
Ya ce a bar ta nan,
ya ga keken jingine a ƙofar masallaci.